TAMBAYA DA AMSA: Gwiwa na ciwo, birki na kuka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai keke na saya na hannu, irin Phoenix ɗin nan mai birkin sanda, da shi nake zuwa aiki daga Mabera har wajen Tsohuwar Kasuwa kullum. Matsalar ita ce gwiwoyina sun dame ni da ciwo, wani abokina ya ce sirdin ne ya yi ƙasa, to ni kuma in na ɗaga shi ƙafata ba ta kai ƙasa sai in ji kamar zan faɗi. Sannan birkin baya sai na matse har ƙarshe kafin ya kama ga kuka, na gaba kuma tsoronshi nake an ce yana kifar da mutum. Mi za ni yi?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, kuma wannan abu na sai ƙafa ta dafe ƙasa kana zaune shi ke cinye gwiwar mutane da yawa. Ba da ƙasa ake auna sirdi ba, da feda ake aunawa. Ka jingina da bango ka hau, ka juya feda ɗaya ta sauko can ƙasa, ka ɗora diddigenka a kai. In tsayin ya yi daidai ƙafar za ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba, to in ka dawo da gaban ƙafa kan fedar yadda ake tuƙi sai ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ake so. In kana tuƙi ƙugunka na rangaji dama da hagu ka wuce gona da iri, sauke shi. Kar kuma ka ɗaga da yawa tashi ɗaya, santimita 1 yau, ka yi kwana biyu a haka ka ji jikinka sannan ka ƙara.

Maganar tsayawa kuwa, in za ka tsaya sai ka zame gaba ka sauka daga sirdin ka sa ƙafa ƙasa, ɗan yatsan ƙafa ya taɓa ƙasa kana zaune ya wadatar. Ka gwada a fili inda ba 'yan kabu-kabu kafin ka shiga titi.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido sosai. Ƙarfen da ke ɗauke da sirdi yawanci akwai layi da aka zana a jikinshi can ƙasa, wannan layin dole ya kasance a cikin firam, in har kana ganinshi a waje to ka zaro fiye da ƙima kuma wata rana rami ɗaya za ka faɗa ƙarfen ya lanƙwashe ko bakin firam ya tsage kana kai. In tsayinka ya fi ƙarfen a sayo dogo, kar ka yarda a yi maka waldar ƙari. Ka shafa ɗan giris kafin ka mayar don kar ya yi tsatsa ya maƙale, ka ɗaure notin tam da sifana daidai shi ba filaya ba, sannan ka kama sirdin ka murɗa da ƙarfi, in ya juya bai ɗauru ba.

Sai birki. Fara duba robar, zafin nan namu da ke haura digiri 40 kafin damina yana busar da ita ta yi tauri ta yi santsi, ga ƙura, shi ne kukan da kake ji. In ta cinye ko ta yi ƙyalli canza ta, biyun duka. Irin naka robar zura ta ake cikin ɗan gidan ƙarfe mai baki ɗaya a rufe, to rufaffen bakin shi zai kalli ɓangaren da rim ke nufa in keke na tafiya gaba, in aka juya shi akasin haka ranar da ka matse da ƙarfi rim zai fizge robar ta fice, wallahi har masu gyara wasu na yin wannan gangancin cikin sauri. Daga nan a sassauta notin sanda a rage tazarar har roba ta zo kusa da rim kamar milimita 2 zuwa 3, yadda birki zai kama tun hannun yana rabin hanya. In ka juya taya ka ga rim na taɓa roba wuri ɗaya yana saki, rim ɗin ne ya karkace, wannan kam kai wa mai gyara ya ɗaure sifok. Kuma mai ko giris kar ya kusanci rim, masu ɗiga baƙin mai wai don kuka ya daina birkin suke kashewa gaba ɗaya.

Na gaba da kake tsoro shi ya fi tsayar da keke, fizgarshi lokaci guda ne ke kifarwa. Matse biyun tare a hankali, ka ja jikinka baya. Sai dai cikin rairayi ko kan kwana ka sassauta mishi ka fi dogara da na baya don tayar gaba na iya zamewa. In an yi ruwa kuma rim ɗin ƙarfe ba ya kamawa da wuri, fara matsewa tun daga nesa.

In ka gyara sirdin ka yi sati biyu gwiwa ba ta lafa ba, ko ka ga kumburi, ka je asibiti a duba ka.