Ba taki shukarki take nema ba

Malama, kin ce shukar da kika ajiye a kusurwar falo sai tsawo take yi, kara siriri, ganye ƙanana duk sun ɗashe, kin ƙara mata taki ba ta canza ba, kina tambayar wane irin taki za ki sauya. Ni dai shawarata ki ajiye takin nan tukuna. Na daɗe ina kiwon shuke-shuke a tukunya, kuma duk wadda na ga ta yi haka, haske ne ya yi mata kaɗan.

Mutane da yawa sun ɗauka taki shi ne abincin shuka. A'a, abincinta ita take haɗa kayanta a cikin ganye. Akwai sinadarin da ake kira kulorofil, shi ke kama hasken ja da shuɗi, koren kuma ba ya kama shi sosai, shi ya sa muke ganin ganye kore. Da ƙarfin hasken nan ganye ke farfasa ruwan da saiwa ta jawo, iskar oksijin ta fita, ƙarfin da aka samu kuma a yi amfani da shi a ɗaure iskar kabon da ta shigo ta ƙananan ƙofofin ganye, a mayar da ita sukari. Da sukarin nan take gina kara da saiwa da fure, ragowar ta adana shi a matsayin sitaci. Wannan aiki shi ne fotosintesis. Taki kuwa ɗan taimako ne kawai, irin su naitirojin da maganiziyam da ake buƙata wajen gina kulorofil ɗin kansa.

Tun ƙarni na 17 wani masanin kimiyya mai suna Jan van Helmont ya dasa wata 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya, ruwa kaɗai yake ba ta. Bayan shekara 5 ta kai wajen kilo 77, ƙasar tukunyar kuwa abin da ta ragu bai kai giram 60 ba. Shi ya ce ruwa ne ya zama itace, bai san da rabon iska ba. Sai a 1779 wani masanin kuma, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa ganye ba ya fitar da iskar nan mai kyau, wato oksijin, sai a cikin haske.

Abin da ke ruɗar mu, idonmu yana sabawa da kowane irin haske. Ɗakin da kike gani tarwai, a wurin shuka kusan duhu ne, kuma da an ɗan matsa daga taga hasken ya faɗi warwas. Tsawon da kike gani ba girman lafiya ba ne, ɗan abin da ta tara take ƙonawa tana neman inda rana take. Ki duba, na tabbata ta karkata wajen taga.

Ki matsar da ita kusa da taga mai samun hasken safiya, amma a hankali, kada ki ɗauke ta daga inuwa ki jefa ta tsakar rana, ganyen zai ƙone. Ki rage ruwa, don shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, sai saiwar ta ruɓe a banza. Takin da kika zuba ma yana nan ya taru, yawansa na iya ƙona saiwa, don haka ki kwarara ruwa sau ɗaya ya fita ta ƙasan tukunya. Ki riƙa goge ƙurar ganye. Karan da ya riga ya yi tsawo ba zai koma gajere ba, ki datse shi idan sabon toho ya fara fitowa.

Idan bayan ta samu haske sosai tsofaffin ganyen ƙasa suka ci gaba da yin rawaya, to a lokacin ne za a yi maganar naitirojin. Idan kuma tsakanin jijiyoyin ganye ne ya yi rawaya su jijiyoyin suna kore, maganiziyam za ki fara zargi. Ki turo hoton sabon ganyen da ya fito mu gani.