Ɗan siziyam ya zo bai iya karatu ba: daga ina za a fara?

Wasiƙun wannan watan mafi yawansu daga jihar Damagaram suka fito, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi: yara sun gama firamare, sun shigo siziyam, wato ajin farko na kwaleji, amma karatu ya gagara. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Ina koyar da Faransanci a wani kwaleji (CEG) cikin garin Zinder. Ɗalibai 84 ne a ajina na siziyam, kuma kusan rabinsu ba sa iya haɗa kalma. Na ji ana maganar taimako hawa-hawa. Mene ne shi, kuma zai yiwu a aji irin nawa?

Amsa: Malama, sannu da fama. Abin da kika gani ba a ajinki kaɗai yake ba. A gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare da karatun da ake bukata ba su cika ɗaya cikin goma ba. A na 2019 abin ya gyaru zuwa wajen uku cikin goma. Da yawa daga cikin sauran su ne ke zaune a gabanki.

Tsarin da kike tambaya a Amurka ya yaɗu, musamman bayan dokar 2004 kan ilimin yara masu bukata ta musamman. Hawa uku ne. Na farko shi ne darasin kowa da kowa. Na biyu ƙarin darasi ne ga ƙaramin rukuni, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, na tsawon mako 8 zuwa 12. Na uku na yaran da na biyu bai wadatar ba ne: ɗaya zuwa uku a gaban malami, kullum. Masu tsarin sun gina shi a kan cewa kusan 80 cikin 100 darasin aji zai ishe su, 15 su bukaci ƙari, 5 su bukaci kulawa ta kusa. A ajinki lissafin ya kife. Yara 40 ba ƙaramin rukuni ba ne, don haka gyaran daga hawa na farko zai fara: ki ware minti 15 na farkon kowane darasi don koyar da karatu kansa, ga aji duka.

Amma kafin komai ki san inda kowane yaro ya tsaya. Ki shirya takarda ɗaya mai matakai huɗu, irin wadda ƙungiyar Pratham ke amfani da ita a Indiya: baƙaƙe 10, kalmomi masu sauƙi 10, sakin layi mai jimloli huɗu, sai gajeren labari da tambayoyi biyu. Ki fara yaro daga sakin layi. In ya yi kuskure fiye da uku, ki sauko da shi kalmomi, in ya kasa ki sauko baƙaƙe. In ya wuce, ki hau da shi labari. Minti biyar ke nan ga kowane yaro, awa bakwai ga ajinki, amma malamai huɗu za su gama cikin ƙasa da awa biyu. A yi shi a watan Oktoba, yaro ɗaya-ɗaya, a gindin bishiya nesa da kunnen 'yan uwansa, kuma kada a ba da maki.

Ki kiyayi rubutun da suka riga suka sani. Yaranmu gwanayen hadda ne. Za ki ga yarinya tana zuba jimla tar-tar, yatsanta yana layi na biyu, bakinta ya kai na huɗu, idonta kuma yana kan fuskarki. Nuna mata kalma ɗaya daga tsakiya, sai ta yi shiru.

Sannan ki raba cuta biyu da ke kama da juna. Karanta wa yaro labarin da bakinki, ki tambaye shi. In ya gane, matsalarsa haɗa baƙi ce. In kuwa shi ya karanta da kyau amma ya kasa gaya miki da Hausa abin da labarin ya ce, Faransancin ne bai ji, kalmomi yake bukata. Wanda aka zaunar da shi yana maimaita “ba, be, bi” alhali ya iya, zai gaji ya daina zuwa.

Tambaya: Ni darakta ne na wani kwaleji a yankin Magarya. Malaman lissafi da tarihi da kimiyya suna cewa koyar da karatu ba aikinsu ba ne. Yawancinsu 'yan kwantiragi ne, kuma ba mu da kuɗin horo. Yaya zan shirya su?

Amsa: Ranka ya daɗe, malaman nan suna da hujja. An shirya malamin kwaleji ne ya koyar da fanninsa ga yaron da ya riga ya iya karatu, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake ɗora yaro a kan baƙi da wasali. Masu wannan sana'a suna kusa da ku: malaman CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, na firamaren unguwa, waɗanda da yawansu suka fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a Zinder. Ku gayyato ɗaya ko biyu da kuka san yaransu na iya karatu. Za a ɗan ji nauyin a ce mushe na firamare zai koya wa na kwaleji, don haka ku zauna da kanku a sahun gaba da kaye (littafin rubutu) a hannu.

Taron kwana uku da ake zuba jawabi a raba kuɗin zama ba ya canza abin da ke faruwa a aji. Abin da ke canza shi maimaitawa ce a gaban wani. Kwana biyu sun isa a fara. Ranar farko ta gwaji ce, da yara na gaske: malamai biyu su saurari yaro ɗaya, kowa ya rubuta matakinsa a ɓoye, sannan su kwatanta. A yi ta yi har su riƙa dacewa, domin in ma'auni ya bambanta, rabon rukuni duka ya lalace.

Rana ta biyu a koyi darasi guda ɗaya na minti 30, kowa ya tashi ya gwada shi. Minti 5 a tuna sautukan jiya da katuna. Minti 10 sauti sabo ɗaya tak, misali “o” da ake rubutawa o, au, eau: malami ya faɗa, a faɗa tare, yaro ya faɗa shi kaɗai, a haɗa shi cikin kalmomi kamar moto, jaune, bateau. Minti 10 a karanta gajeren rubutu mai ɗauke da sautin, sau uku, bibbiyu. Minti 5 na ƙarshe shifta a kan ƙaramin allo, kowa ya ɗaga sama, malami ya ga kuskure nan take. Kayan aikin lakire (alli) ne, da alluna, da katunan da aka yanka daga kwali, abin da kwamitin kula da makaranta zai iya ɗauka.

Bayan haka, duk mako biyu a zauna awa ɗaya da takardun yara a gaba, kuma kowane malami wani ya shiga ajinsa na minti 15 ya gaya masa gyara ɗaya. Ɗaya kawai. In ziyarar ta zama irin ta sufeto, za a riƙa shirya darasin nuni, gaskiya ta ɓuya.

Su kuma malaman sauran fannoni, ba a ce su bar darasinsu ba. Minti biyar ake roƙo. Kafin darasi malami ya rubuta kalmomi uku zuwa biyar da za su tare wa yara hanya, ya yanka su gaɓa-gaɓa, ya bayyana ma'anarsu, ko da Hausa ne. Malamin kimiyya da ya rubuta é-va-po-ra-tion ya nuna yadda ake furta wutsiyar “tion”, ya buɗe wa yaro respiration, da population a darasin labarin ƙasa, da addition a lissafi.

Abubuwan da suka fi kashe shirin sanannu ne. Ana miƙa rukunin da ya fi rauni ga malamin da ya zo jiya, alhali su ne ke bukatar gwani. Ana ajiye ƙarin darasi bayan an tashi, da tsakar rana, yara da yunwa, ga zafin Afrilu, 'yan mata kuma ana jiran su a gida su tafi neman ruwa. Gara a yanko minti 30 da safe a cikin jadawalin makaranta, ajujuwan siziyam duka su rabu bisa mataki a lokaci guda, sannan kowa ya koma ajinsa. Kuma kada a bar wa rukuni sunan da zai bi yaro har ƙofar gida. Ɗan shekara 13 ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa daƙiƙi, shi ya sa wasu ke tsokanar faɗa da zarar an kusa zuwa kansu a karatu.

Tambaya: Ɗana yana siziyam a Mirya. Ya yi nisa a makarantar allo, yana ma karanta saƙon Hausa a waya, amma Faransanci ya gagare shi. Ko Hausar ce ke hana shi?

Amsa: Alhaji, ba ita ba ce, ita ce ma jarinsa. Yaron da ya gane cewa baƙi sauti yake wakilta ya haye babban kogi, kuma sau ɗaya ake haye shi. A Zinder ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, bisa wannan fahimta. Abin da ya rage a nuna masa inda harsunan biyu suka saɓa. Hausa yadda aka rubuta haka ake furtawa, Faransanci kuwa yana da baƙaƙen da ba a furta su, kamar “ent” a ils parlent. Baƙin “c” na ciki da cuku ba haka yake a café ko cinéma ba. Kunnen Bahaushe ba ya raba “p” da “f” da sauƙi, sai port da fort su zame masa ɗaya, haka ma “u” da “ou” a rue da roue. A gida, minti 10 bayan magariba ya karanta muku layi biyar da ƙarfi, sannan ya gaya muku da Hausa abin da suka ce. Ko ba ku jin Faransanci za ku gane in ya fahimta.

Tambaya: Mun yi mako 10 da rukunin ƙari. Wasu sun tashi, amma yara shida suna nan inda suke. Me ya rage?

Amsa: Malam, da farko muna fata da awo kuka san haka. Duk mako biyu a ba yaro sabon rubutu mai nauyi ɗaya da na baya, ya karanta minti ɗaya cif, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a ɗiga a takarda. Yaron da ya tashi daga 12 zuwa 20 yana tafiya ko da kunne bai ji bambanci ba.

In layin ɗigon ya kwanta, wato adadin kalmomin ba ya ƙaruwa, ku fara duba rajistar zuwa. Wanda ya halarci rabin darussa ba a gwada maganin a kansa ba tukuna. Sai ido da kunne: yaron da ke matse ido ko ya kai kaye har hanci, ko wanda kullum yake juyo da kunne ɗaya, a tura shi likita. Sai ku sake duba ko an sa shi a matakin da ya fi ƙarfinsa.

Wanda ya tsallake duk wannan shi ne na hawa na uku: su biyu ko uku a gaban malamin da ya fi ƙwarewa, minti 30 kullum, sauti ɗaya sai ya zauna kafin a ƙara wani, yana faɗa yana rubutawa da yatsa a ƙasa. A cikinsu za a sami masu wata wahala ta gane rubutu da ake haifar mutum da ita. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma bulala ba ta taɓa ta. Ba aikin malami ba ne ya laƙaba wa yaro sunan cuta, amma ya kira iyaye ya nuna musu takardar awon, ya ƙara wa yaron lokaci a jarrabawa, ya riƙa karanta masa tambaya da baki. Su kuma waɗanda suka karanta labari suka amsa tambayoyinsa sau biyu a jere, ku sallame su daga rukunin, ku sake auna su bayan wata ɗaya, kujerunsu kuma ku ba na bayansu.