Tambaya da Amsa: Baiwa ce ɗana yake da ita ko hadda ce kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa huɗu da wata biyu. Ya haddace daga Nasi zuwa Lam yakun, yana ƙirga har ɗari, yana kuma karanta rubutun jikin gwangwanin madara ba wanda ya koya masa. Malaminsu na allo ya ce yaron na da baiwa, mahaifinsa kuma yana so a sa shi aji ɗaya na firamare bana. Yaya zan gane gaskiyar lamarin?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya shi, Ya tsare shi daga baki.

Abubuwa ukun da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Yaron da ke jin karatu safe da yamma zai iya ɗauke surori da ka, haka ma jera lambobi kamar waƙa. Wannan alheri ne, amma yara da yawa suna yi. Karatun da ya koya wa kansa shi ne abin dubawa, domin alamar baiwa ita ce yaro ya ɗauki abin da ya koya ya yi aiki da shi a inda bai taɓa gani ba.

Ki gwada shi cikin wasa, kada ya ji kamar jarrabawa. Jera dabino shida a layi, ki jera wasu shida a ƙasansu daidai wa daida. Idan ya yarda yawansu ɗaya, sai ki ware na ƙasan su yi tsawo a gaban idonsa, ki ce wanne ya fi yawa? Yawancin yara suna nuna layi mai tsawo har sai sun kai shekara shida ko bakwai. Ɗan shekara huɗu da ya ce miki "ai ba ki ƙara ko ɗaya ba", ya fahimci lissafi, ba ƙirge kaɗai ba.

Gwangwanin madara kuwa yana iya ruɗar ki, don wani yaron launi da tambarin yake ganewa. Rubuta masa kalmar da bai saba gani ba, kamar rariya ko tulu. Daga nan ki rubuta "kawo mini ludayi", ki miƙa masa ki yi shiru. In ya tashi ya nufi madafa, ya karanta kuma ya gane. In kuwa yana zuba karatu amma bai san me ya karanta ba, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya haɗa ido, yana maimaita maganar mutane maimakon ya amsa, to ku ga likitan yara, domin wannan kan zo tare da larurar da ake kira otizim.

Sai ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya ba ki mamaki da kwanan wata, tsawon wata uku. Lura ko sau ɗaya ko biyu ake nuna masa abu ya kama, ko tambayarsa tana haifar wata tambayar, ko yakan tsayar da ke a tsakiyar tatsuniya ya ce me ya sa Ƙoƙi ta sake yarda da Gizo. Irin waɗannan yaran sukan fi son zama da waɗanda suka girme su, kuma manya kan ɗauke su masu tsaurin ido.

Gwajin ƙwaƙwalwa na masana yakan ɗauki maki 130 zuwa sama a matsayin alamar baiwa, kusan yara biyu cikin ɗari ke nan. Sai dai sakamakon ɗan ƙasa da shekara shida yakan sauya, kuma yawancin gwaje-gwajen da Turanci aka tsara su, suna iya tauye yaron da ya tashi da Hausa.

Batun aji ɗaya, ki lallashi mahaifinsa ya dakata. Kai yakan riga hannu da zuciya girma: yaron zai iya karatun 'yan shekara bakwai, amma yatsunsa ba su ƙware da fensir ba, kuma in aka ƙwace masa biskit kukan ɗan shekara huɗu zai yi. In yana nazare, a bar shi a ajinsa, a roƙi malamarsa ta riƙa ba shi littafin da ya fi na sauran wuya. In ya ɗore har aji shida, akwai makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa a Suleja, ana shiga ne ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa.