Hukuncin zuƙar vape da yadda malami zai tunkari ɗalibansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce. Na kama ɗalibai da sigarin lantarki, wanda suke kira vape. Suka ce ai ba taba ba ce, tururi ne mai ƙamshin mangwaro, kuma Alƙur'ani bai ambace shi ba. Mene ne hukuncinsa? In fito da su a asambile, ko in sanar da iyayensu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya saka miki da alheri.

Zuƙar wannan abu haramun ne, ga matashi kuma abin ya fi muni. Gaskiya ne Alƙur'ani bai ambace shi da suna ba, don a 2003 wani mai haɗa magunguna a Sin, Hon Lik, ya ƙera irin wanda ke kasuwa yau. Amma shari'a illa take dubawa. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara, 195), Annabi (SAW) kuma ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Ita kanta taba malamai sun yi saɓani a kanta da farko. Ahmad Baba na Tumbuktu ya halatta ta, saboda a zamaninsa cutarta ba ta bayyana ba. Da likitoci suka tabbatar da cutar, akasarin malamai suka koma ga haramci. Mafi yawan ruwan vape na ɗauke da nikotin, sinadarin da ke sa mashayi ya kasa rabuwa da taba, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, shi ya sa yaro ke saurin kamuwa. Ƙamshin mangwaron nan tarko ne kawai. Ko dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba.

Asambile kuwa ban ga dacewarta ba. A Bukhari, da aka hukunta wani mashayin giya, wasu suka ce Allah Ya kunyata shi, sai Annabi (SAW) ya hana su taimaka wa Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Yaron da aka tozarta a gaban tsaransa ba ya dainawa, sai dai ya ƙware wajen ɓoyewa.

Ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Tambaya ta riga wa'azi: wa ya fara ba ka? Yaya kake ji in ka wuni ba ka zuƙa ba? In ya ce kansa na ciwo, ransa na ɓaci, karatu ba ya shiga, ki nuna masa kamun nikotin ke nan, yana buƙatar ganin likita, ba bulala kaɗai ba.

Sanar da iyaye ya halatta, ba giba ba ce, tunda su ne masu kiwonsa. Ki faɗa wa yaron tukuna cewa za ki yi, kuma ki zaɓi wanda ya fi sanyin zuciya cikinsu. In dokar makaranta ta wajabta kai rahoto, ki kai wa shugaba a keɓe.

Wallahu a'alam.