Amsa: Ma'aikatana biyu na soyayya, in sallami ɗaya?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce akawunka yana neman yarinyar da ke karɓar kuɗi a kantinka, har kana tunanin sallamar ɗayansu. Don Allah kada ka yi gaggawar raba mutum da abincinsa.

Abin dubawa shi ne kujerun da suke kai. Shi ke duba lissafi, ita ke riƙe da kuɗin. Ranar da dubu biyar ta yi ɓatan dabo, zai iya buɗe baki ya tambaye ta? Ko da amintattu ne, sauran yaran kanti za su fara ƙus-ƙus, musamman in ta makara bai ce uffan ba. Daga nan aiki ke fara sanyi.

Manyan kamfanoni ma a nan suke sa ido. A Nuwamba 2019 McDonald's ta Amurka ta kori shugabanta, Steve Easterbrook, saboda alaƙa da wata ma'aikaciya, duk da cewa da yardarta ne, don dokarsu ta hana shugaba neman ta ƙasa da shi. Wadda ci gabanta ke hannun mutum, da wuya ta iya ce masa a'a.

Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka fara jin ta bakinta. In da gaske suke, mayar da ita ɓangaren kaya, shi kuma ya turo magabata. Zance sai an tashi, a ƙofar gidansu. In kuwa ka fahimci takura mata yake, shi ya kamata ya tafi.