Ciwon kai da tashin zuciya washegarin shan giya: akwai magani?

Malam, ka ce ƙaninka da ke Zuru in ya sha burkutu da dare sai ya tashi da ciwon kai da amai, kana tambayar wane haɗi za a saya masa a kemis.

Kada a saya. A 2022 masu bincike a King's College da ke Landan sun duba gwaje-gwaje 21 da aka yi kan irin waɗannan magunguna, har da kanumfari, suka ga babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa wani yana aiki. Hanta ce ke narkar da giyar, kuma ba a yi mata gaggawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne farasitamol. Hantar da ta kwana tana fama da giya, a ƙara mata ƙwaya huɗu a lokaci guda? Ibuprofen kuma yana ƙona ciki, balle da yunwa. A ba shi ruwa ko ORS, ya sha koko, ya kwanta.

Amma in ya ce yana ganin dishi-dishi, ko aman ya zo da jini, a wuce asibiti nan take. Batun dainawa kuwa, ka same shi ku biyu bayan ya warware, ba gaban matarsa ba.