Tambaya da Amsa: Wace lamba za a ba yanar ido?

Tambaya: Ina aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibiti a Zariya. Likita yakan rubuta "yanar ido" kawai, ni kuma in saka H26.9. Daidai ne?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada

Amsa: Malama, H26.9 ta yanar da ba a fayyace irinta ba ce, kuma yawan amfani da ita yana ɓata ƙididdiga. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, sanadi ake fara dubawa. Yanar tsufa H25 ce. Idan tsakiyar ƙwayar ce ta yi duhu, H25.1. Wadda rauni ya jawo, kamar tsinken dawa ya soki ido a gona, H26.1. Wadda magani ya jawo, H26.3. Jaririn da aka haifa da ita kuwa, Q12.0.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne mai ciwon suga. Kada ki saka H28.0 sai likita ya rubuta cewa sugan ne ya jawo ta, sannan lambar sugan ta zo kafin H28.0. Dattijo mai suga yana iya samun yanar tsufa zalla.

Idan gani ya sake dushewa bayan tiyata saboda wata yana ta sake fitowa, H26.4 ce. In rubutun bai fito ba, mayar wa likita da katin ya fayyace.